Rahoton haɗari da takardar tara sun bar biro sun koma na'ura: tambayoyi da amsoshi

Hukumomin 'yan sanda a ƙasashe da dama suna ajiye littafin tara mai kabon da fom ɗin haɗari na takarda, suna komawa kwamfuta da wayar hannu. Direbobi na da tambayoyinsu a kan wannan sauyi, jami'an da ke bakin hanya na da nasu, haka ma masu sa hannu a fitar da kuɗin aikin. Ga waɗanda aka fi yi.

Me ake nufi da mayar da rahoto na'ura? Ba ɗaukar hoton takardar ba ne a adana a kwamfuta?

A'a, kuma wannan ruɗanin ya sa hukumomi da yawa asarar kuɗi. Idan aka cika fom da biro aka ɗauki hotonsa, abin da ke cikin kwamfuta hoto ne kawai. Ba za ka iya tambayarta haɗarin babur nawa aka yi da dare a kan hanya kaza ba, sai wani ya zauna ya buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake nufi shi ne jami'i ya shigar da bayanin kai tsaye cikin manhaja, kowane bayani a gurbinsa: rana, lokaci, wuri, lambar mota, irin raunin da aka ji, dokar da aka karya. Daga nan bayanin ya wuce wurin shugabansa, ya wuce rumbun bayanan hukuma, ya wuce kotu, ba tare da wani ya sake buga shi da hannu ba.

To, me takarda ta yi da ake son rabuwa da ita?

Laifinta na farko shi ne hannu nawa take bi. Jami'i ya rubuta a tsaye, a kan murfin mota, wataƙila cikin ruwan sama ko da hasken tocila. Takardar ta kwana a mota, ta kai ofis, ta jira sa hannun shugaba, a haɗa ta da wasu a aika hedikwata. Can wani ma'aikaci da bai je wurin ba, bai kuma san rubutun jami'in ba, zai zauna ya buga ta a kwamfuta. Idan takardar tara ce, magatakardan kotu ma zai sake bugawa a nasa tsarin. Kowane hannu da ta bi dama ce ta kuskure: 1 ya zama 7, 5 ya zama S, ranar zaman kotu ta canja, a ɗora wa wani laifin da wani ya yi saboda lamba ɗaya a lasisi.

Na biyu jinkiri. Rahoton da ya ɗauki watanni kafin ya shiga lissafi ba ya taimakon wanda ke son ya san ko wata kwana ta fara cin mutane a bana.

Na uku, takarda ba ta gardama. Za ka iya barin gurbin shekarun direba babu komai, ko ka rubuta cewa haɗarin ya faru ƙarfe biyun dare amma da hasken rana, ta karɓa. Manhaja mai kyau za ta tsayar da kai ta ce waɗannan biyun ba sa haɗuwa.

Sai kuma ɓacewa. Takarda na jiƙewa, na yagewa, wani lokaci kuma ɓatar da ita ake yi da gangan.

Yaya aikin yake a bakin hanya?

A Amurka da Kanada, bayan lasisin tuƙi na ɗauke da wani zanen lamba mai suna PDF417. Jami'i ya haska shi da na'ura, suna da adireshi da ranar haihuwa da lambar lasisi su cika kansu. Ya shigar da lambar mota, rumbun rajistar ababen hawa ya dawo masa da ƙirarta da mai ita. Ya zaɓi laifin daga jerin dokoki, manhaja ta sa lambar sashen doka da kotun da ke da hurumi. Ƙaramar firinta da ke cikin motar sintiri ko a ɗamararsa ta fitar da takardar da zai miƙa wa direba.

Lambar jikin mota, wadda ake kira VIN, misali ce mai kyau ta abin da na'ura ta fi mutum iyawa. Tun 1981 tana da haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. A Arewacin Amurka, gurbi na tara lambar tantancewa ce da ake lissafowa daga sauran. Idan jami'i ya yi kuskuren harafi ɗaya, galibi lissafin ba zai fita ba, manhaja za ta gaya masa nan take yana tsaye kusa da motar. A takarda sai bayan makonni wani zai gano, lokacin motar ta daɗe da tafiya.

Rahoton haɗari ya fi takardar tara tsawo nesa ba kusa ba. Akwai zanen yadda motocin suka haɗu, bayanin kowane fasinja, yanayin hanya, hotuna, da labarin abin da ya faru. Yawancin jami'ai sukan ɗauki abin da ba ya jira a wurin, su ƙarasa sauran bayan an buɗe hanya.

A ina aka fara, kuma su wa suka yi nisa?

Ɗaya daga cikin tsofaffin manhajojin ita ce TraCS, wadda ma'aikatar sufuri ta jihar Iowa a Amurka ta ɓullo da ita a shekarun 1990, daga baya wasu jihohi suka ɗauka suka gyara ta daidai da dokokinsu. Jihar Texas ta wajabta wa jami'anta aika rahoton haɗari ta na'ura daga 1 ga Satumba, 2019. Dokar ababen more rayuwa da Amurka ta kafa a 2021 ta ware tallafi ga jihohi domin su riƙa tattara bayanan haɗari ta na'ura suna aika wa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NHTSA. Wannan kaɗai ya nuna cewa bayan kusan shekara talatin aikin bai ƙare ba ko a can.

A Indiya akwai tsarin eChallan na takardar tara, wanda aka haɗa da rumbun rajistar motoci mai suna Vahan da na lasisin tuƙi mai suna Sarathi. Bankin Duniya ya taimaka aka samar da manhajar tattara bayanan haɗari mai suna DRIVER, wadda aka fara aiki da ita a Filifin, kuma kowace ƙasa na iya ɗauka ta gyara ba tare da sayen lasisi ba. A Ingila rundunoni da yawa na amfani da tsarin rahoton haɗari mai suna CRASH, wanda za mu dawo kansa.

Ban da ɗan sanda da kamfanin inshora, wa ke karanta rahoton haɗari?

Direba yakan ɗauka an rubuta rahoton ne don a san mai laifi da wanda zai biya gyara. Wannan amfaninsa ne na makon farko. Amfaninsa mai daɗewa yana wurin injiniyan hanya, wanda zai duba rahotannin shekara uku ko biyar ya ga cewa a wata mahaɗa kullum masu juyawa ne ake bugewa, ya ce a sa fitilar ba da hannu ko a mayar da wurin shataletale. Masu tsara doka na dubawa su ga ko dokar hular kwano ta rage mace-mace. Masu bincike na dubawa su ga ko wata ƙirar mota na yawan kifewa. Hukumar lafiya na dubawa ta san inda za ta ajiye motar ɗaukar marasa lafiya.

Amurka na da rumbun FARS tun 1975, inda ake shigar da duk haɗarin kan hanya da wani ya mutu a cikinsa cikin kwana 30, kuma tushensa rahoton 'yan sanda ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara. Ƙiyasi take yi domin a ƙasashe da yawa adadin da hukumomi ke bayarwa ya gaza abin da ke faruwa da nisa. Wanda ya mutu a asibiti bayan mako biyu sau da yawa yana nan a fom ɗin ɗan sanda a matsayin mai rauni, domin ba wanda ya koma ya gyara. Na'ura na sauƙaƙa wannan gyaran, amma sai an ɗora wa wani alhakin yin sa.

Me ya sa ake ta maganar fom iri ɗaya? Kowace runduna ba za ta yi nata ba?

A nan gizo ke saƙar. Idan wannan runduna ta kira karayar hannu mummunan rauni, waccan ta kira shi ƙaramin rauni, ba za a iya haɗa alƙalumansu ba ko da duka biyun suna da kwamfutoci masu tsada. Saboda haka Amurka ta fitar da jagora mai suna MMUCC a 1998, wanda ya jera mafi ƙarancin bayanan da ya kamata kowane rahoto ya ƙunsa da ma'anar kowannensu. Bugu na shida ya fito a 2024. Ba dole ba ne jiha ta bi shi duka, amma daga Afrilun 2019 an wajabta wa jihohi amfani da ma'anarsa ta mummunan rauni a alƙaluman da suke kai wa gwamnatin tarayya. Ma'aunin raunin na da hawa biyar, daga mutuwa zuwa babu raunin da aka gani. Tarayyar Turai ma na da irin wannan jagora mai suna CADaS.

A ganina, hukumar da ta sayi na'ura kafin ta zauna ta gyara fom ɗinta ta fara aikin daga ƙarshe. Tsohon fom mai tambayoyi marasa kai, idan aka sa shi a allo, yana nan da rashin kansa, sai dai yanzu amsoshin na isa hedikwata da wuri.

Na ji an ce wani lokaci alƙaluman rauni kan ƙaru bayan an koma na'ura. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ya faru a Ingila. A tsohon tsarin cika STATS19, fom ɗin rahoton haɗari na 'yan sandan ƙasar, jami'i ne ke yanke hukunci da kansa ko raunin mai tsanani ne ko ƙarami. Wajen 2016 rundunoni da yawa suka koma tsarin CRASH, 'yan sandan Landan kuma suka koma nasu mai suna COPA. A sabon tsarin jami'i ba ya cewa mai tsanani ko ƙarami. Yana zaɓar irin raunin ne daga jeri, misali karaya ko yanka mai zurfi, manhaja ita ke sa shi a ajinsa. Sai adadin munanan raunuka ya yi sama a rundunonin da suka sauya. Hanyoyin ba su ƙara haɗari ba. Raunukan da a da jami'ai ke rainawa ne suka koma inda ya dace da su.

Dole ma'aikatar sufuri ta Birtaniya ta riƙa fitar da alƙaluman da aka daidaita, don a iya kwatanta shekarun baya da na yanzu. Duk hukumar da za ta yi wannan sauyi ya kamata ta rubuta ranar da kowace runduna ta koma sabon tsari, ta kuma sanar da 'yan jarida da 'yan majalisa tun kafin alƙaluman su fito. In ba haka ba, za a wayi gari ana zargin jami'an da suka fara rubuta gaskiya da cewa a hannunsu abubuwa suka lalace.

Wurin da haɗari ya faru fa? Ba GPS ya gama wannan magana ba?

Ya rage ta, bai gama ta ba. A takarda ana rubuta "kusa da gada" ko "bayan gidan mai", wanda ba ya amfanar injiniya idan hanyar na da gada huɗu. Na'ura na ba da wurin daidai, amma wurin da take ne, ba lallai wurin haɗarin ba. Idan jami'i ya ajiye motarsa nesa da wurin, ko ya buɗe rahoton bayan ya koma ofis, taswira za ta nuna tulin haɗurra a harabar ofishin 'yan sanda. Maganinsa manhaja ta nuna masa taswira ya danna wurin da yatsa, ta kuma cika sunan hanya da kanta daga bayanan hukumar hanyoyi.

Idan babu sabis, ko batir ya mutu?

Manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba ta dace da wannan aiki ba, domin munanan haɗurra da yawa a hanyoyin karkara suke faruwa. Ya kamata ta karɓi bayani ta ajiye a cikin na'urar, ta aika idan sabis ya dawo. Hukumomi kan bar littafin takarda a mota don ranar da na'ura ta ƙi. Sai dai a sa ido, domin na'urar wasu jami'an takan riƙa lalacewa fiye da ta kowa.

Ni direba ne. Idan aka ba ni takardar tara daga firinta, tana da ƙarfin doka kamar ta hannu?

Inda doka ta amince da tsarin, ƙarfinsu ɗaya. Shi ya sa ƙasashe da jihohi kan gyara dokarsu tukuna, domin tsofaffin dokoki kan ambaci littafi mai kwafi kaza da sa hannu da tawada. Wasu wuraren za a ba ka allo ka sa hannu, wasu sun cire sa hannun direba gaba ɗaya, miƙa maka takardar ya wadatar. A jihohin Amurka da yawa sa hannun ba amsa laifi ba ne, alƙawari ne cewa za ka biya ko ka bayyana a kotu. Ka karanta abin da aka rubuta a saman gurbin kafin ka sa.

Shawara ɗaya: ka ɗauki hoton takardar a ranar. Waɗannan ƙananan firintoci da zafi suke rubutu, ba da tawada ba, kuma takardarsu na dusashewa ko ta yi baƙi idan ta sha rana a gaban mota.

Idan akwai kuskure a ciki fa?

Haƙƙinka na ƙalubalantar tara a kotu bai canja ba. Abin da ya canja shi ne, kurakuran da a da kan sa a kori ƙara, irin su rubutun da ba ya karantuwa ko sashen dokar da ba daidai ba, sun ragu ƙwarai. Direban da ke fatan takardarsa ta ɓace tsakanin ofis da kotu ya rage fata.

Akwai kuma sabon nau'in kuskure. Yatsa ya zame a jeri, a zaɓi layin da ke ƙasa da wanda ake nufi. Manhaja ta cika tsohon adireshi daga lasisi, sammaci ya tafi gidan da ka bari. Ko bayanin direban da aka tsayar kafin kai ya maƙale a wani gurbi. Irin wannan ya fi wuyar ganewa, domin yana fitowa tsaf a buge, mutane kuma kan gaskata abin da na'ura ta buga. Idan rahoton haɗari ne, ka nemi kwafi da wuri. Kuskuren da ke da hujja, kamar lambar mota ko sunan kamfanin inshora, yana da sauƙin gyarawa. Ra'ayin jami'i kan yadda abin ya faru ba a cika canja shi ba, amma a wurare da yawa ana karɓar bayaninka a haɗa da fayil ɗin.

Wannan zai hana cin hanci da shafe tara?

Zai toshe wata kafa, ba duka ba. Da zarar an fitar da takarda ta na'ura, tana da lamba da lokaci da sunan wanda ya fitar. Ba a yage ta. Soke ta na buƙatar dalili da amincewar shugaba, kuma sokewar kanta na barin sawu. Idan aka haɗa da biya ta banki ko waya, kuɗi ba sa bi ta hannun jami'i. Amma abin da aka sasanta kafin a taɓa na'urar, na'urar ba ta san da shi ba.

Ƙarya ma na shiga kwamfuta. A Yunin 2023 wani bincike a jihar Connecticut ta Amurka ya gano kusan takardun tara 26,000 da 'yan sandan jihar suka shigar a wani rumbun bayanai tsakanin 2014 da 2021, waɗanda babu takwarorinsu a bayanan kotu. Binciken da ya biyo baya ya ɗora yawancinsu a kan sakaci da ƙarancin horo, ya ware 'yan jami'ai kaɗan don ƙarin tuhuma. Abin lura shi ne yadda aka gano: an ɗora rumbu biyu kusa da juna aka ga ba su yi daidai ba. Da a takarda suke a cikin kwalaye, da wuya wani ya iya wannan kwatanci. Da kuma ba wanda ya ga dama ya kwatanta, da suna nan har yau.

Tunda abin ya yi sauƙi, ba za a riƙa rubuta tara fiye da da ba?

Tana iya yiwuwa, kuma tsoron ba na banza ba ne. Amsarsa na hannun masu tsara manufa. Idan ana auna ƙwazon jami'i da yawan tarar da ya rubuta, na'ura za ta ƙara masa gudu. Amma bayanan da na'urar ke tarawa su ne kuma ke ba jama'a damar tambaya: a ina ake rubuta tarar, wa ake rubuta wa, kuma wuraren sun dace da inda ake haɗari? Wannan sai idan ana fitar da alƙaluman fili.

Gajarta lokacin tsayawa na da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Jami'in da ke tsaye a gefen babbar hanya yana cikin haɗarin a buge shi, haka ma direban da ya tsayar.

An turo mini saƙo a waya cewa ana bina tara, in danna in biya. In yarda?

Kada ka danna. 'Yan damfara sun bi sahun wannan sauyi. A Indiya an sha gargaɗin jama'a kan saƙonnin eChallan na bogi, a Amurka ma hukumar FBI ta yi gargaɗi a Afrilun 2024 kan saƙonnin da ke cewa ana bin mutum kuɗin hanya. Ka buɗe shafin hukumar da kanka, ka shigar da lambar takardar ko ta motarka. Idan tarar gaskiya ce za ka same ta a can.

Wa ke iya ganin bayanaina?

Rahoton haɗari na ɗauke da suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar waya, wani lokaci har da bayanin rauni da sakamakon gwajin barasa. A takarda sai mutum ya je ofis ya nema ɗaya ɗaya. A rumbu, wanda ya samu shiga na iya kwashe dubbai a zama ɗaya. Don haka dole kowane jami'i ya shiga da sunansa, tsarin ya riƙa rubuta wanda ya buɗe wane fayil da yaushe, na'urar da ta ɓace kuma a iya kulle ta daga nesa. Alƙaluman da ake ba masu bincike a cire sunaye.

Amurka na da dokar kare bayanan direbobi tun 1994, wasu jihohinta kuma kan hana fitar da rahoton haɗari na wani lokaci sai ga waɗanda abin ya shafa, don kada masu neman ciniki su dami wanda ke kwance a asibiti. Idan kamfani ne ke riƙe wa hukuma rumbun, yarjejeniya ta faɗi ƙarara cewa bayanan na hukuma ne, da abin da kamfanin ba shi da izinin yi da su.

Me ya fi cin kuɗi a aikin?

Masu kasafi kan lissafa abin da ido ke gani: kwamfuta, firinta, na'urar haska lasisi. Waɗannan sau ɗaya ake saya, sai bayan 'yan shekaru a sake. Abin da ke kama su ba shiri shi ne na kullum: lasisin manhaja, kuɗin data, takardar firinta, wanda zai ɗauki waya idan na'ura ta tsaya da tsakar dare, da sabunta jerin dokoki duk lokacin da majalisa ta canja wani sashe. Mafi wuya kuma shi ne haɗa tsarin 'yan sanda da na kotu da na hukumar lasisi. Idan kotu ba ta shirya karɓa ba, za a ga ana buga takardar na'ura a firinta, a kai wa magatakarda ya sake shigarwa da hannu. An kashe kuɗin, jinkirin da kuskuren suna nan.

Ƙananan rundunoni ba sa iya ɗaukar wannan su kaɗai, shi ya sa a jihohin Amurka da dama gwamnatin jiha ke ba su manhajar kyauta.

Tsofaffin takardun da ke ɗakin ajiya fa?

Ana ajiye su har wa'adin da doka ta sa. Ba lallai a shigar da duka ba. Yawanci ana fifita na 'yan shekarun baya da na haɗurran da aka rasa rai.

Me ya sa wasu jami'ai ba sa son sauyin?

Wasu saboda sabo, wasu saboda sawun da yake bari, amma da yawa suna da hujja. Wanda ya tsara manhaja a ofis mai sanyi bai san yadda allo ke ƙin nuna rubutu a tsakar rana ba, ko yadda ake danna ƙananan maɓallai da safar hannu. Idan aka wajabta cika kowane gurbi, jami'in da ke da gawa a kwance da motoci a jere suna jira zai riƙa danna "ba a sani ba" don ya wuce. Sai rahoton ya fito a cike, amma babu abin da ke cikinsa. Ana gane wannan idan aka riƙa duba yawan "ba a sani ba" da "wani abu dabam" a kowace runduna.

Wani abin da na ga ya cancanci a kare shi ne gurbin labari, inda jami'i ke rubuta abin da ya gani da kalmominsa. Masu son alƙaluma kan so a rage shi, domin ba ya lissafuwa. Amma a nan ne ake samun cewa reshen bishiya ya rufe alamar tsayawa, ko cewa direban ya kauce wa rami ne. Ba jerin zaɓin da zai hango kowane irin haɗari.

Hukumar da ke son farawa, da me za ta fara?

Ta tara duk masu amfani da bayanan a ɗaki ɗaya kafin ta kira mai sayar da na'ura: 'yan sanda, kotu, hukumar lasisi, injiniyoyin hanya, asibitoci. Su amince da abin da za a tambaya da ma'anar kowace amsa, lauyoyi su duba dokar da ke buƙatar gyara. Sannan a gwada da runduna ɗaya, a haɗa da jami'an da ba su iya kwamfuta ba, domin ƙwararrun matasa za su lallaɓa kowace manhaja ta yi aiki, ba za a ga aibinta ba. Hukumomi da yawa kan fara da takardar tara saboda gajeriya ce, jami'i na cika ta sau da yawa a rana, hannunsa ya faɗa da wuri kafin a kawo masa rahoton haɗari.

Kafin a soma, a auna halin da ake ciki: kwana nawa rahoto ke ɗauka kafin ya shiga rumbu, kashi nawa ake mayarwa don gyara, kashi nawa ba a iya sa su a taswira. Bayan shekara a sake aunawa da ma'auni ɗaya. A kuma sa ranar daina karɓar takarda, domin hukumar da ta bar hanyoyin biyu a buɗe ba wa'adi za ta ci gaba da biyan kuɗin duka biyun.